Adireshin da Yaya Murtala Ya Sani

Laraba, bayan isha'i, Gummi

Kai, kamfanin intanet ɗin nan ya ishe ni! Yau ma tun safe sabis ya ɗauke, masu rajistar jarrabawa suka cika mini shago suna tsaki, daga baya suka watse. Na kira ofishin kamfanin na ce su zo su kwance kayansu, na gaji. Matar da ta ɗauka ta ce, "To Malam, amma imel ɗinka da sunanmu yake. Ranar da ka bar mu za a rufe shi." Na ce sunana ne fa a gaba! Wai haka tsarin yake.

Buɗe sabon imel ba wuya, kullum ni ke buɗe wa mutane. Amma Yaya Murtala fa? Tun da ya tafi Libiya layinsa ya daina shiga, adireshin nan kaɗai ya sani. Ta nan saƙonsa na ƙarshe ya zo, azumin bara waccan. Na tura masa wani adireshin, shiru.

Muna cin tuwo na yi wa Inna bayani. Ta tsame hannu daga kwano ta ce, "Wato in yaz zo shi ishe ƙofa kulle? Ba ka rufe ta ina da rai."

Na buɗe baki in ce mata ba ƙofa ba ce, da na ga idonta sai na fasa. Ke nan zan ci gaba da biyan masu kore mini mutane.

Yaya, don Allah ka rubuto, ko zagi ne.