Kunnen Lubna da ɓerayenka

Anka, ranar Laraba.

Zuwa ga ƙanena Kamaluddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, Ya ba ka juriyar zaman baƙunta. Inna tana nan da sauƙi, maigidana Junaidu kuma ya dawo daga Gummi, shinkafar bana ta yi kyau.

Muryarka a waya ce ta sa na zauna rubutu. Ka ce ɓerayen da kuke raunana wa garkuwar jiki a ɗakin bincikenku ku sa musu ƙwayoyin cuta a jini sun mutu duk da magunguna biyun da ka haɗa musu, har kana tunanin ajiye aikin. Na ji tausayinka, amma akwai abin da muka ɓoye maka.

Watan jiya Lubna ta kwanta da zazzaɓi mai zafi. Ka san 'yar tawa ba ta ƙara yin ƙwari ba tun gubar dalma da ta kama ta a Dareta. A asibiti aka ce ƙwayoyin cuta sun shiga jininta. Allurar farko ba ta yi komai ba, har ta daina gane ni. Likita ya kira mu da babanta ya ce zai haɗa da wata allurar, amma tana iya taɓa mata ji. Junaidu ya ce, "A yi mata. Ko ba ta ji, mu dai mu gan ta."

Zazzaɓin ya sauka, ta tashi, tana cin tuwonta. Sai dai kunnen hagu ya tafi. Wata ma'aikaciyar jinya, Bridget, ta gaya mini irin wannan haɗin a jikin dabbobi ake fara gwada shi. Nan na tuna da kai, na yi kuka.

Ba zan tilasta maka ba. Amma in za ka iya, ka ci gaba da nema, ko Allah Ya sa a dace da haɗin da zai bar wa yaro ransa da kunnensa.

Inna da Junaidu da Goggo Hure suna gaishe ka. Lubna ta ce ka kira ta ranar Juma'a. Ka ɗan ɗaga murya, za ta sa wayar a kunnen dama.

Yayarka,
Zuhura