Tiyon Garka Ya Tsage

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya jikin Hajo? Muna lafiya a Madarumfa, sai dai raina a ɓace yake.

Tiyon da na sayo Maraɗi don ban ruwan garka, kwana tara ya tsage wuri huɗu, tumatir duk ya yi yaushi. Na fa ƙwanƙwasa shi kamar ƙwarya, na ji nauyinsa, na yarda! Ashe gaskiyarka ce: robar da aka narka sau da yawa tsinkewa take kamar koko, ido ba ya ganewa. Ni da nake cewa auna kaurinta a kamfaninku aikin banza ne.

Aiko mani na kirki. A sa mu addu'a, ka gaida yara. Sai ka rama dariyar da na yi maka: da bokiti nake jido daga tabki.

Ƙanenka,
Laminu