Takardar Jinin Baba

Talata, 14 ga Maris, ƙarfe ɗaya da kwata na rana, lokacin hutu a ɗakin gwaje-gwaje.

Yaya,

Ina gaishe ki. Ya Mama, ya ƙarin haƙuri? Ni lafiya lau, ina cin abinci.

Sau huɗu na karanta takardar gwajin da kika turo. Allurar da ake yi wa Baba tana farfaɗo da ƙwayoyin gado da ciwon jininsa ya danne, amma tana rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Mai irin wannan magani, da zarar ya yi zazzaɓi, asibiti ake kai shi. Takardar ta nuna nasa sun faɗi tun Laraba. Ranar Juma'a kika kira likitan Baba kan zazzaɓin da ya kama shi, likitan ya ce miki, "Ku ba shi farasitamol, ku zo Litinin." Baba bai ga Litinin ba. Allah ya jiƙansa.

Kawu ya ce mu yafe, tunda mutumin ya zo ta'aziyya. Ni ban yafe ba. Sai na tsayar da shi gaban hukumar likitoci ya karanta takardar nan da bakinsa. Don Allah ki ɓoye gwangwanin takardun Baba, kada ya bi kayan da Mama za ta rabar.

Abin da ban sani ba tukuna:

ƙarfe nawa zazzaɓin ya fara;

ko likitan ya duba sakamakon kafin ki kira;

ko Baba zai rayu da an kai shi ranar. Wannan kam babu takardar da za ta faɗa mini.

Ƙanwarki