Ƙasusuwan Lefteri

Istanbul, Satumba 1955

Jikana Anesti,

Gaisuwa mai yawa. Ina nan da raina, kada uwarka ta fara rabon tukwanena.

Ka dai ji abin da aka yi mana, mu Girkawan birnin nan. Shaguna, gidaje, coci, duk an farfasa, 'yan sanda na tsaye kamar masu kallon biki. Wannan na haɗiye. Amma maƙabarta, Anesti? Sun shiga da diga, sun tone kaburbura, sun watsar da mutane kamar shara. Me kakanka Lefteri ya yi musu? Mutumin da ya tsufa yana ɗinke musu takalma.

Na je da kwandon cefane na tsince shi, na wanke da ruwan inabi yadda ake yi, na naɗe a farin ƙyalle. Sai na ga ƙashin cinya uku. Kakanka gurgun hali ne, amma ƙafarsa biyu. Kabarin maƙwabcinmu Harilaos ne a gefensa, wanda suka mutu ba sa gaisawa kan itacen ɓaure. Yanzu ga su cikin kwando ɗaya a kan teburina.

Ka ci abinci, ka rame a hoto.

Kakarka, Evdokiya

Atina, ƙasar Girka, Oktoba 1955

Kaka,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Na karanta wa Mama, ta kasa ƙarasa ji. Don Allah ki taho. Ga tikitin jirgin ruwa, ɗaki kuma na jiranki. Ki roƙi fada, limamin cocinku, ya ware ƙasusuwan Kaka Lefteri ki zo da su, mu binne shi inda ba mai taɓa shi. Sauran ki bar wa coci. Wannan ba lokacin taurin kai ba ne.

Jikanki mai biyayya, Anesti

Istanbul, Nuwamba 1955

Anesti, mai biyayya a takarda,

Ina gaishe ka. Na kai wa fada kwandon. Ya daɗe yana duba, ya ce shi waƙa ya iya, warewa sai Allah. Harilaos kuwa ba shi da kowa, 'ya'yansa sun tsere.

Ka san abin da masu digar ke so? Mu kwashe har matattunmu, gobe a ce ba mu taɓa zama nan ba. Ba da hannuna ba.

Na mayar da su rami ɗaya. Ga tikitinka. Na ce wa mai haƙa ya bar mini wuri a tsakiya, don dole a samu mai raba su.

Allah ya tsare ka.

Kakarka