Allon Zane da Albam ɗin Auta

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da yara da Inna. Yaya ƙafar tata? Ni ma nan lafiya lau, in dai mai kwana da ciwon baya ya tashi da shi ana ce masa lafiya lau.

Saƙonki ya iso. Wai Auta na son allon zane na kwamfuta don ta haɗa albam na hotunan gida. A sanina albam littafi ne mai leda, a zura hoto, a rufe, a jefa ƙasan akwati. Yanzu kuma shi ma sai da na'ura. Almakashi da gam laifin me suka yi?

Na san maganar ba daga kanta kaɗai ta fito ba, ƙanshin ƙanenki nake ji a jikinta. Malam Na-Sani ya turo mini murya a waya, doguwa kamar huɗuba, wai lallai in sayi babba mai gilashi, irin na ƙwararru. Mutumin da ko tocila bai taɓa saye da guminsa ba, amma babu na'urar da aka ƙera a duniya da bai san sunanta ba. Ki tambayar mini shi a kan me ya taɓa ƙwarewa, ban da isowa gidan mutane daidai lokacin da aka sauke tukunya.

Duk da haka ranar hutuna na je inda ake sayar da allon. Kantin yana can saman wani bene mai sanyin na'ura da ke shiga ƙashi. Na shiga da takalmin da nake aikin dako da shi a sito, masu kantin suka fara kallon ƙafata kafin fuskata. Wata mata mai tabarau, kusan sa'ata, ita ta ga damar kula ni. A faɗi gaskiya komai ɗacinta: ba ta raina ni ba, ba ta kuma yi ƙoƙarin cusa mini mai tsada ba.

Allunan iri biyu ne. Akwai mai gilashi, kana zane kana ganin abin a ƙarƙashin bakin alƙalami kamar a takarda. Akwai kuma baƙin allo wanda ba ya nuna komai, hannunka yana nan yana wahala, abin da ka yi yana fitowa can a fuskar kwamfuta. Ta ba ni alƙalami in gwada. Na ja layi a nan, ya fito a can, a karkace. Na ce mata wannan kam na san shi, shi nake yi tun da na bar gida. Ba ta gane ba, ban kuma yi mata bayani ba.

Ta tambayi irin kwamfutar da ke gidan. Na ce tsohuwa ce, wadda babban yaronki ya gama karatu da ita, in ta yi zafi tana gurnani kamar injin niƙa. Ta ce mai gilashin yana buƙatar wata kafa da za a jona shi, kuma ba kowace tsohuwa ke da ita ba, in babu sai dai a jingine shi a yi ado. Sai ta ce, yarinyar zane za ta yi daga farko, ko yankan hoto da rubutu? Na ce mata ban sani ba.

Ki tambayar mini ita, ta faɗa da bakinta, ba da bakin kawunta ba.

Ki gaida Inna, ki ce ta daina ɓoye maganinta a ƙarƙashin filo. Ki shafa mini kan jikata.

Mijinki,
Baban Auta

*

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa da kowa. Ina fatan tarin da kika ce kina yi ya lafa. Ni ina nan yadda kika san ni.

Amsar Auta ta zo, kuma da na san abin da zan ji da na bar bakina a rufe. Ashe ni za a yanka. So take ta yanko hotona ta manna a hotunan da ba na ciki: ranar da babban yaronki ya karɓi takardar gama jami'a, ranar da kuka tare a sabon gida, da na asibiti ranar da aka haifi jikata. Ta ce, "Baba, duk albam ɗin ba ka ciki sai a hotunan da ba ni da wayo." Har da umarni: in tsaya jikin farin bango, in kalli hagu, in kalli dama, sannan in miƙa hannu kamar na dafa kafaɗar wani.

Ashe abin da na zama ke nan a gidana, kan sarki, a lasa a manna.

Ba zan ɓoye miki ba, na tsaya an ɗauka. Farin bango ɗaya ne a duk benen, wanda ke bakin banɗaki. Direba, abokin ɗakina, shi ya riƙe wayar. Mutane na layi da tawul a wuya, ni kuma ina tsaye da hannu a sama, shi yana cewa, "Tsoho, dafa ta da kyau mana, iska ce, ba ta cizo. Yi murmushi, ɗanka ne ya gama jami'a, ba kwali ne ya faɗo maka a ƙafa ba." Har mai shara sai da ya jingine tsintsiya ya yi dariya.

Auta ta turo mini hotunan gidan don in ga inda za a sa ni. A kowanne, wa ke tsaye kusa da ke? Na-Sani, da sabuwar riga, haƙora duk a waje kamar shi ya biya kuɗin makarantar. Amma ba zan ci haƙƙinsa ba. Shi ya kai Inna asibiti, shi ya yi ta kai da kawo a kan takardun gidan. Ya je wurin, shi ya sa ya fito a hoton. Haushin da nake ji ba zai goge wannan ba.

Na koma kantin na nuna wa mai tabarau. Ta ɗauki alƙalami a kan baƙin allon nan, ta bi gefen kunnena, ta sauko kafaɗa, ta sassauta hannu wajen furfurar gemu don kada ta yanke ta. Ta ɗaga ni daga jikin bangon banɗaki, ta dire ni tsakaninki da yaron, ta tura Na-Sani baya. Ban gama haɗiye yawu ba sai ga ni a taron da ban je ba. Ku rana ce ke dukanku ta gefe, ni fitilar bene ce a tsakiyar kaina, kuma kowa na da inuwa a ƙasa sai ni. Ta ce kada in damu, inuwar ma ana zanawa. Kin ji inda duniya ta kai.

Na daɗe ina kallo, fiye da yadda ya kamata dattijo ya kalli ƙarya. Sannan na ce ta goge.

Ki saurare ni. Gobe jikata ta girma ta buɗe albam ta ce, Kaka, me ka ce wa Baba ranar nan? Sai in ƙaga mata? Kuma in albam ya ce ina can, to wa ke nan yana loda kwali ranar? Shekarun da na ƙarar da bayana a cikinsu, yarinya za ta share su da bakin alƙalami, don hoto ya yi kyau.

Allon dai na saya, tunda na yi alkawari. Baƙin ne, matsakaici. Ƙaramin zai matse mata hannu wajen yanka, babban kuma ba zai zauna a teburinta ba. Alƙalaminsa ba ya cin batir, balle ya mutu mata a tsakiyar aiki, kuma na haɗa da ƙarin bakin alƙalami don yana cinyewa. Mai tabarau ta ce da farko ido da hannu za su yi ta faɗa, kada ta karaya, za su shirya. Allon yana hanya.

Sharaɗina ɗaya ne: kada ta sa ni inda ban je ba. Hotunan farin bango ba zan tura ba. In tana so a san tana da uba, ga hoton ɗakin da nake kwana, ga na ƙofar sito, ta yi yadda ta ga dama da su. In albam ya ƙare ba ni a ciki, gaskiya ya faɗa.

Ki gaida Inna da yara. Na-Sani ma ki gaishe shi, ba don halinsa ba.

Mijinki,
Baban Auta

*

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk mutanen gida. Na ji daɗin jin ƙafar Inna ta saki. Allah ya ƙara sauƙi.

Na ji abin da ƙanenki ya ce da ya buɗe kwalin, wai na 'yan koyo ne. Ki ce masa ai 'yar koyo na saya wa. Ranar da ya koyi wani abu a duniya shi ma ya faɗa mini, zan duba masa.

Kin ce Auta ta yi kuka ta rufe ɗaki. Na sani, don tun lokacin in na kira sai wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Na ce a raina shi ke nan, na sayi allo na sayar da 'ya. Ban canza magana ba, amma ba zan ce miki abinci ya yi mini daɗi a kwanakin nan ba.

Jiya da rana, muna hutun cin abinci a bayan sito, sai ga shafin albam daga Auta ya shigo wayata, ba sallama ba gaisuwa. Ban sani ba ko ta nuna miki. Ba ta sa ni ko'ina ba. Ku ta yanko, ku duka, ta cusa a ɗakina. Babban yaronki na tsaye da rigar gama jami'a, hularsa na taɓa igiyar da muke shanya. Inna na kan kujerar roba. Jikata na kan akwatina, cikin zanen asibiti. Ita Autar tana bakin taga ta juya wa kowa baya, don in san har yanzu fushi take. Na-Sani ma bai tsira ba, yana bakin ƙofa, rabinsa a ciki rabinsa a waje, kuma a nan kam na yaba mata. A ƙasa ta rubuta da hannunta, da alƙalamin nan, a karkace kamar layina na kanti: "Mun zo gidan Baba."

Aikin ba wani aiki ba ne. Ta cinye miki gefen kunne. Ƙafafun Inna ba su taɓa ƙasa ba, tana shawagi kamar aljana. Babu mai inuwa a cikinku. Ɗakin da maza biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace, ta zuba masa zuri'a guda. Ƙaryar ta fi ta farko girma. Na juya ta ko'ina ina neman inda zan kama yarinyar nan da laifi, ban samu ba, don sharaɗina ba ta karya shi ba. Wannan taurin kai da wayon ba daga wurina ta ɗauko ba, ki bincika danginku.

Sai Direba ya leƙo ta kafaɗata. Ya yi dariya har abinci ya sarƙe shi. Gado biyu ne a ɗakin. Nasa kullum a gyare, da bargo mai furanni kamar na amarya. Nawa mai bargo ruwan toka ne, da kayan aiki jibge a kai. Auta ta duba ta zaɓi mai kyau ta ce shi ne na ubanta, ta zaunar da ke a kai, da murmushinki da komai. Kafin a tashi aiki duk sito ya ji labari, wai matar Tsoho ta yi doguwar tafiya ta zo, ta duba gado biyu ta san inda ya dace da ita. Har yana roƙo in tura masa ya sa a fuskar wayarsa. Na ce ya sake faɗa, zai san abin da hannun mai ɗaukar kwali ke iyawa.

Ban ga laifinta ba. Ina za ta sani? Ba ta taɓa ganin inda nake kwana ba sai a hoton da ni kaina ba na ciki, tunda ni na ɗauka.

Don haka ki faɗa mata aikin bai kammala ba. Ta mayar miki da kunnenki, ta sauke Inna ƙasa, sannan ta ɗauke ki daga gadon mutane. Na turo wani hoton ɗakin tare da wannan takarda. Na kwashe kayan aikin, na kakkaɓe bargon, na sa Direba ya ɗauka bayan ya rantse zai rufe bakinsa. Ina zaune a bakin gadona, kuma a nan ba wanda zai ce ba na wurin. Na matsa gefe, akwai wurin mutum ɗaya a damana.

In ta gama ta turo, akwai mai wanke hoto a ƙasan benenmu. Kuma ki ce ta ɗauki waya in na kira.

Mijinki,
Baban Auta