Rabin Gemun Baba

Zuwa ga uwar 'yan biyu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yaran da su Inna. Ya tarin ƙaramar?

Yau kwana goma sha ɗaya rabona da ƙwaya. Ba don ki yaba nake faɗa ba, na san sau uku ina rantse miki ina karyawa. Jikin dai babu daɗi. Barci a tsaye, ƙaiƙayi kamar tururuwa na bin fatata, ga faɗa ba dalili. Wani lokacin madubin shago sai ya riƙa numfashi, fuskar mutum tana narkewa a ciki, alhali ban sha komai ba. Hannuna kuwa rawa yake, shi ya sa na daina taɓa reza, sai injin aski.

Ɗazu da hantsi sai ga Baba, mahaifinki. Na ɗauka maganar takardar sakinki ta kawo shi, don ya ce wannan watan ne ƙarshen haƙurinsa. Bai zauna a benci ba, kujerar aski ya hau, ya ce a kwashe masa gemu, kuma da reza.

Ga abin da ban taɓa faɗa miki ba: akwai ƙwaya guda ɗaya da na ɓoye a aljihun tebur, ƙarƙashin audugar. Na san in na haɗiye ta, minti goma hannun zai tsaya cak.

Na shafa sabulu, na yi gefen dama da ƙyar, gumi na shiga min ido. Da na iso maƙogwaro sai rezar ta fara kaɗawa. Yana kallona ta madubi, ko ƙiftawa babu. Na jawo aljihun har sau biyu.

A na ukun na ɗauko ƙwayar na sa masa a tafin hannu, na ce ba zan iya ƙarasawa ba. Na yi kuka a gaban surukina, ni da girmana.

Ya goge kumfar da kansa. Maganar dawowarki bai ɗauko ba, ni ma ban isa in tambaya ba. Na roƙe shi ya shiga shagon maƙwabcina a ƙarasa masa, ya ƙi. Ya ce haka zai zauna da rabin gemu har ranar da hannuna zai iya.

Don Allah ki hana yara yi masa dariya.

Naki har kullum,
Mai aski