Haƙorin Isufu da Taswirar Rijiyoyi

Dakoro, daren Alhamis

Hannuna ya kumbura, da ƙyar nake riƙe alƙalami. Yau na fasa wa abokin aikina Isufu baki a wajen aiki.

Harshen da muke tambayar na'ura bayanai da shi ba ya da taswira, sai na gina mana tawa: kowace rijiya da garkunan da ke sha a cikinta. Tun farko na gaya masa wannan taswira ba a canza ta. In ka saka rijiya, sabuwar taswira ce za ta fito, ita za ka riƙe, tsohuwar tana nan yadda take. Ya ce ya gane.

Bai gane komai ba. Ya saka rijiyoyin Kornaka duka, ya watsar da abin da ya fito. Shef, wato shugabanmu, ya zo da wakilan makiyaya, aka danna na'ura, babu rijiyar Kornaka ko ɗaya. Sai Isufu ya nuna ni ya ce, "Shef, ai aikin Laminu ne, dama ruɓaɓɓe ne."

Ban san lokacin da na shaƙe shi ba. Na gwara kansa da tebur, na ƙara masa naushi, jini har kan na'ura. Da ba a janye ni ba, wallahi da na karya shi. Ruɓaɓɓe!

Da la'asar na gyara kuskuren, layi ɗaya ne tak. Rijiyoyin suka fito, tsohuwar taswira ko ƙwarzane babu. Haƙorin Isufu kuwa a ƙarƙashin kujera aka tsince shi. Gobe kuma kusa da shi zan zauna.